Launin Jinin Baba

Birnin Konni, tsakiyar kaka

Zuwa ga maigidana, Baban Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ina aiki, ina yaran lakwal ɗin da kake koyarwa, ina zaman wannan dajin naku da ko rezon tarho ba ya leƙawa? Mu nan lafiya. Hamdiyya tana gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita, kowa ta gani sai ta nuna masa giɓin.

Na neme ka a tarho har na gaji, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda. Ka zauna kafin ka ci gaba. Baba ba shi da lafiya, yana nan Konni wurinmu. Yana magana, yana sallarsa a zaune, kada hankalinka ya tashi fiye da kima.

A gona ya faɗi, can Tsarnawa, suna yankan hatsi. Yayanka Mamane ya kawo shi gidan likitan da nake aiki. Ashe tun damina yake fama da kasala, an yi masa maganin masassara har sau biyu bai ji sauƙi ba, kuma ya hana a gaya mana. Na duba tafin hannunsa, fari fat kamar an wanke. Harshensa ya yi ja, ya yi sulɓi, ko fura ya sha sai ya ce tana ƙona shi. Ƙafafunsa kuma ya ce kamar a kan auduga yake takawa.

Ni na ɗibi jininsa, don ni kaɗai ce a labo, ɗakinmu na gwajin jini. Ka san ban taɓa kama hannun Baba ba tun da aka kawo ni gidanku. Shi ya kau da kai gefe, ni ma kaina a ƙasa. Da na zo rubuta suna a jikin lam, gilashin nan da muke shafa jini a kai, kasa rubuta sunansa na yi, sai lamba na sa.

Babu masassara a jinin ko kaɗan. Amma jinin ya yi ƙasa ƙwarai, ja da fari duka sun ragu. Yaya Mamane ya ba da nasa aka ƙara masa. Da na sa lam ɗin a mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, na ga abin da ban saba gani ba: jajayen ƙwayoyin sun yi manya, fararen kuma siffarsu ba ta yi mini daidai ba. Shekarun nan duk masassara nake nema a jini daga safe har la'asar, irin wannan duban na bar shi tun muna makaranta. Likitanmu ya duba, sannan ya ce yana tsoron sankarar jini ce, a shirya kai shi Yamai. Ban gaya wa Baba kalmar ba. Inna ma ban gaya mata ba.

Na tuna da Madam Ummusalma, wadda ta koya mana duban jini a Yamai, ita da nake ba ka labarin tsananinta. Na kanga tarhona a idon mikroskop na ɗauki hotuna na tura mata. Amsarta ba ta daɗe ba. Ta ce, "Tsahara, jini ne wannan ko manja? Ban ga komai ba sai rawaya. Ba zan ɗora wa tsoho ciwo a kan hoto irin wannan ba." Na sake duba hotunan, gaskiyarta. Abin da idona ke gani ja-ja da ruwan albasa, a hoto duk ya koma ruwan ɗorawa, kamar an ɗauka ta cikin kwalbar shayi.

Ta ce za ta nuna mini yadda ake gyarawa. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In ina labo hankalina yana ɗakin Baba, in na je ɗakinsa kuma sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta.

Kada ka taso tukuna, na san dirakten lakwal ɗinku ba shi da wanda zai riƙe maka aji. Ka dai yi ta addu'a. Ka gaida abokan zamanka.

Matarka,
Tsahara

Birnin Konni, bayan kasuwar Laraba

Baban Hamdiyya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina gajiya, ina ƙoƙari? Allah ya sa kana cin abinci yadda ya kamata. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna inda ya dace ta ji, sauran na riƙe wa kaina.

Ka ce in yi maka bayani yadda za ka gane, kai da kake malamin lissafi. To ga abin da Madam ta koya mini. Mikroskop ɗinmu tsoho ne, ƙwan fitilarsa haskensa rawaya ne, irin na fitilar ƙwai. Idon mutum yana sabawa da shi, in ka ɗan jima kana dubawa sai ka riƙa ganin rawayan a matsayin fari. Tarho ba ya yin haka daidai, sai dai ya yi ta canki-canki. Dole sai ka nuna masa wurin da ya kamata ya zama fari ka ce masa wannan shi ne fari, daga nan ne sauran launuka suke komawa mazauninsu. Wannan shi ne daidaita fari. A tarhona haruffa biyu ne kawai a wani lungu, W da B, ban taɓa sanin amfaninsu ba.

A faɗe abin da sauƙi. Ka ture lam ɗin zuwa inda babu jini, gilashi zalla, ka daidaita har wurin ya yi fari, ka kulle, ka dawo kan ƙwayoyin ba tare da ka sake taɓa fitila ba. Amma ka san wutar Konni. Ina cikin daidaitawa sai ƙarfinta ya ragu, fitilar ta ƙara ja, in koma farko. In na ƙara haske hoton ya ƙone, in na rage ya koma manja. Ga masu jiran sakamakon masassara sun cika benci, jarirai suna kuka. Na ɗauka na goge, na ɗauka na goge, har tarhon ya yi zafi a hannuna.

Madam ta tambaye ni ina shuɗin gilashin da ake ɗorawa a kan fitila. Na ce ban taɓa ganin sa ba tun zuwana. Na kira Sakina, ƙawata da ke labon Malbaza, ta ce tana da guda a durowa. Ban iya jira a aiko ba. Ina tashi daga aiki na shiga mota na tafi, muka gaisa a tsaye, na juyo da shi ƙulle a bakin gyale kamar wadda ta sayo zinari. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi murfin kwalba ba.

Ana haka Yaya Mamane ya tare ni a ƙofar ɗaki. Ashe ya ji kalmar da likita ya faɗa. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya ce, "Tsahara, in dai wannan ciwon na, ba mu kai shi Yamai a wahalshe shi bisa hanya. Shi tahi gida shi kwanta ɗakinai, cikin iyalinai." Na ce masa ba a tabbatar ba tukuna. Ya ce to mi aka jira? Na ce hoto. Ni kaina da na ji kalmar a bakina sai da na ji kunya. Tsoho yana kwance, ni kuma ina faman hoto.

Washegari da sassafe, kafin wuta ta fara wasanta, na ɗora shuɗin gilashin, na ƙara fitila, na nemi wurin da babu komai na kulle farin. Baban Hamdiyya, da na dawo kan jinin na duba fuskar tarho, sai na ga abin da ke cikin mikroskop ya fito sak. Bayan fari tas, jajayen ruwan hoda, cikin fararen ruwan albasa. Na tura wa Madam hoton lam ɗin farko, wanda na shafa kafin a ƙara masa jini.

Wannan karon kira ta yi. Ta ce in duba jajayen, sun yi tsawo kamar ƙwai. In duba fararen, ƙwayar cikinsu ta rarrabu gida-gida fiye da yadda aka saba. Ta tambayi harshensa, ta tambayi ƙafafunsa. Ta ce ita a ganinta ba sankara ba ce, ya fi kama da rashin wani sinadari, B12, wanda cikin wasu tsofaffi yake daina tsotsa daga abinci, sai ɓargo ya kasa ƙera jini mai kyau. Amma ta ce kada in yi guɗa, ba ta rantse ba. Ta yi magana da likitanmu, sun yarda a fara masa allurar. In hasashenta daidai ne, nan da kamar mako ɓargon zai farka, in ga sababbin ƙwayoyi a jinin, manya-manya masu launin toka-toka da ya ja zuwa shuɗi. In ba su fito ba, to sai Yamai, a ɗibi ɓargon a duba.

An fara allurar. Yaya Mamane ya ce ya ba mu zuwa Juma'a ta sama. Yanzu ba abin da nake yi sai jira, kuma ka san ban iya shi ba. Na share labo har inda ba a taɓa sharewa ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi.

Taka,
Tsahara

Birnin Konni, ranar Alhamis

Maigida,

Ina yi maka sallama, ina tambayar lafiyarka. Ka yi haƙuri da rubutun nan, a tsaye nake yin sa, direba yana jira.

Na yi abin kunya shekaranjiya. Kullum da safe nakan ɗibi ɗigon jini a yatsan Baba in duba, har ya fara miƙo mini hannu tun kafin in durƙusa. Kullum babu komai. Shekaranjiya wuta ta yi rauni ƙwarai, mutane sun yi yawa, na ɗauki hoton a gurguje ya fito da ɗan rawaya. Madam ta taɓa nuna mini cewa ana iya gyarawa bayan an ɗauka: ka taɓa wuri guda a hoton ka ce wannan ne fari, sauran ya bi. Na taɓa. Nan take sai ga shuɗi-shuɗi ya bayyana a ƙwayoyin, nan da can, ko'ina.

Ban tsaya na sake leƙa mikroskop ba. Ban jira amsar Madam ba. Na fita da tarho a hannu har ina tuntuɓe, na sami Inna da Yaya Mamane a gindin itacen bedi na ce musu an dace, jinin Baba ya fara dawowa. Inna ta ɗaga hannu sama tana hawaye. Yaya Mamane ya kira ƙanwarku a Illela ya gaya mata, ita kuma ta gaya wa duk wanda ta sani.

Da azahar amsa ta zo. Madam ta ce, "Ki dubi bayan hoton, ba ƙwayoyin ba." Na duba. Bayan ma shuɗi ne. Wurin da na taɓa ba gilashi zalla ba ne, akwai guntun rini da ya bushe a kai, ja-ja. Na ce wa tarho ja-jan nan shi ne fari, shi kuma ya janye ja daga hoton gaba ɗaya, komai ya karkata shuɗi. Ta ce in fari bai yi fari ba, kada in yarda da kowane launi a hoton, balle wanda nake so in gani. Na koma na duba lam ɗin da idona. Babu su.

Tafiyar da na yi daga labo zuwa gindin bedin nan ban taɓa yin mai nauyinta ba. Na gaya musu kuskure na yi. Inna ta gyara lulluɓi kawai. Yaya Mamane ya ce, "Ba komi, ɗiyar mutane, kin yi iyakar yinki." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya riga ya yi magana da mai mota, gobe bayan an sauko daga masallaci za su mai da Baba Tsarnawa.

Madam ta ce lokaci bai ƙure ba, wani jikin yana jinkiri. Likitanmu ya ce in za a tafi da shi to a tafi da allurar. Amma na san gida. In ya koma, wannan ya kawo jiƙo, wancan ya kawo turare, allurar ta bi ruwa, ni kuma babu yatsan da zan ɗiba in gani.

Wani abu kuma yana damuna. Jiya Inna ta ce Baba ya sha kunu bai yi ƙorafin harshe ba. Na ji, amma na kasa yin murna, don yanzu ban yarda da kaina ba. Ko ita ma abin da take so ne take gani?

Da kana nan da ka yi wa yayanka magana, ni ba hurumina ba ne in tare masa hanya a kan mahaifinsa. Ban san ko takardar nan za ta iso ka kafin su tashi ba. Na san ba za ta iso ba. Na rubuta ne don in ban gaya wa wani ba kaina zai fashe.

Tsahara

Birnin Konni, bayan an gama ɗaurin dawa

Zuwa ga Baban Hamdiyya,

Aminci da yardar Allah su tabbata a gare ka. Ina kwanan ku, ina sanyin da aka ce ya fara sauka can wajenku? Na sa maka rigar sanyinka da ɗan ƙuli-ƙuli a cikin ledar da ke tare da takardar nan. Na san ka ji labari a taƙaice ranar da ka hau tudu ka sami rezo, amma maganar tana yankewa, kuma ina so ka ji shi daga gare ni yadda ya faru.

Ranar Juma'ar da safe an riga an naɗe tabarmi, an ɗaure kwanuka. Na shiga ɗakin da akwatin aikina na durƙusa. Yaya Mamane ya ce a bar tsoho ya huta haka nan. Baba ne da kansa ya miƙo hannu ya ce, "Bar ta ta ɗiba. Yatsa nawa na."

Na shafa, na busar, na rina, na wanke gilashin a hankali don kada wani guntun rini ya saura. Wuta ta zauna lafiya ranar. Na fara dubawa da idona, sai na ga kamar su. Na ɗaga kai, na fita na sha ruwa, na dawo. Suna nan. Duk da haka ban yarda ba. Na ture lam ɗin zuwa gilashi zalla, na daidaita farin, na kulle, na ɗauki hoton wurin shi kaɗai don shaida. Sannan na dawo kan jinin, na zaɓi inda gefen hoton zai kama fili, don duk mai dubawa ya ga bayan da idonsa. Fari ne tas. Tsofaffin ƙwayoyin ruwan hoda. A tsakaninsu kuma ga waɗansu manya, toka-toka mai shuɗi, ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk inda na matsa sai na ci karo da su.

Na tura, na kife tarhon a kan tebur, na ci gaba da duba jinin masu masassara kamar ba abin da ke faruwa. Yaya Mamane ya leƙo ya ce mota za ta zo bayan salla. Na ce to. Ban gaya masa abin da na gani ba, bakina ya riga ya yi mini ɓarna sau ɗaya.

Madam ba ta amsa ba sai da aka yi kiran salla na farko. Ta ce, "Su ne. Ɓargon tsohonku ya tashi aiki. Ki gaya wa likita a ci gaba, kuma hoton ya yi." A shekarun da na yi a hannunta ban taɓa jin ta ce wani abu nawa ya yi ba.

Wannan karon likita na kira ya gaya musu da bakinsa. Yaya Mamane ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wanga karon kin tabbata?" Na nuna masa hotunan biyu, na ranar da na yi kuskure da na Juma'ar, na ce ya dubi bayan kowanne. Ya daɗe yana kallo. Ya ce na farkon kamar an wanke shi da bula, na biyun kuwa kamar farar takarda. Da aka sauko daga masallaci shi da kansa ya sallami mai mota, ya kwance kwanukan.

Yanzu Baba yana gidanmu, a ɗakin zaure. Tafin hannunsa ya fara ja. Jiya ya ci tuwon dawa da miyar kuka har ya nemi yaji. Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙafafun ba su dawo ba. Madam ta ce an daɗe ba a gano ba, wataƙila su ɗan warware, wataƙila su tsaya haka. Da sanda yake tafiya, yana kallon ƙasa don ba ya jin inda yake takawa. Allurar kuma ba ta ƙarewa, lokaci-lokaci za a riƙa yi masa har iyakar rayuwa. Na yi magana da manjo, babban ma'aikacin gidan likitan Tsarnawa, ya yarda zai riƙa yi masa in ya koma. Har yanzu nakan tsinci kaina ina lissafin da an kawo shi tun damina, sai in tashi in nemi abin yi.

Maganar gona ce ba a gaya masa ba tukuna, cewa da ƙafafun nan ba zai ƙara iya noma ba. Yaya Mamane ya ce shi ba zai iya ba, Inna ta ce a jira ka. Ni ina ganin ya riga ya sani. Da safen nan ina shirin fita ya kira ni, ya tambaya ko takarda nake rubuta maka, na ce e. Ya ce in sa masa saƙo, kuma in rubuta shi yadda ya faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"Ka taho hutun nan, kada ka tsaya Tawa wajen abokai. Gonar bakin fadama ni ba ni ƙara nomanta, ku zamna kai da Mamane ku san yadda za ku yi da ita tun ina gani. In ka taho ka riƙo mani takalmi mai taushi. Kuma matarka, ka ce mata ta bar durƙuson nan in za ta yi mani allura, gwiwa tana ciwo. Ta jawo kujera ta zamna, ɗiyata ta."

Na rubuta yadda ya faɗa. Gobe akwai allura, kuma ban san yadda zan yi in zauna a kujera a gabansa ba.

Hamdiyya da Inna suna gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka mai jiran ka,
Tsahara